Mijin Ardis Ba Ya Musu a Zaune

Duk wanda ya yi firamare a garin nan namu na arewacin Minnesota ya ci abincin Ardis Solberg, kuma ya sha faɗanta. Shekara talatin da ɗoriya ta yi tana riƙe da kicin ɗin makarantar, ludayi a hannu, hular raga a ka, ba wanda ya taɓa ganinta a zaune. Yaro ya ture wake gefen faranti, daga can bayan tukwane za ta hango shi. "Kai, ɗan gidan Nyberg! Ubanka ma a nan ya ci waken nan, bai mutu ba. Cinye!" Yau wannan yaron shi ne babban ɗan sandan gari, har da 'ya'yansa, amma in ya yi kiciɓis da ita a kanti sai ka ga yana gyara tsayuwa.

Gajeruwa ce, ga murya. Da ta yi ritaya, mulkin bai yi ritaya ba, coci ya koma. Ita ke yanke wa zai kawo dankali ranar jana'iza, wa zai kawo burodi, wa kuma za a ce ta kawo faranti kawai saboda an san girkinta. Fastoci uku ta gani. Kowanne ya zo da nasa tsari, kowanne ya tafi yana bin nata.

Mutum ɗaya ne a duk gundumar yake ce mata a'a, shi ne mijinta Harlan. Dogo ne, direban babbar mota a wurin haƙar tama, mai ƙarancin magana irin na mazan nan, waɗanda in sun ce maka "ba laifi" to sun gama yabonka ke nan. Sai dai yana da wata ɗabi'a da ya gada wurin ubansa: ba ya musu a zaune. Tsohon yakan ce namijin da ya yi gardama yana jingine da kujera, maganar ba ta kai zuciyarsa ba. Don haka in ana cin abinci Ardis ta faɗi abin da bai yarda da shi ba, sai Harlan ya ajiye cokali, ya goge baki, ya tura kujera baya, ya miƙe har kansa ya kusa taɓa fitila, sannan ya ce, "Gwamna, ba haka ba ne." Gwamna yake kiranta tun yana zuwa zance gidansu.

Daga nan sai a kwance buhu. Wace shekara aka yi ƙanƙarar da ta rufe tagogi, wane launi ya dace da ƙofa, wa ya manta ya rufe gareji. Maƙwabta sun sha cewa auren nan ba zai kai baɗi ba. Ba su san cewa hirar mutanen ke nan ba. Ardis ta wuni tana ba da umarni kowa na ce mata to, ta dawo gida a gajiye da wannan to ɗin, sai ta tarar da mutum ɗaya da ya ɗauke ta da muhimmanci har yake tashi tsaye dominta. In sun yi musu mai kyau, ranar takan yi barci har da minshari.

Ana nan, wata safiya Harlan na kwashe ƙanƙara a ƙofar gida, shebur ya faɗi daga hannunsa, shi ma ya bi shi. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ya dawo daga asibiti a keken guragu. Magana ta dawo a hankali, hankalinsa kuwa ras, ko wasan ƙwallon da aka yi kafin a haifi 'yarsu Karin ka tambaye shi zai faɗa maka. Ƙafa ce dai ta ƙi ɗaukarsa. Tun daga ranar, duk abin da Ardis ta ce, sai ya ce, "To, Gwamna."

Da farko ta ɗauka gajiya ce. Sai ta fara gwada shi. Ta ce za ta yi wa ƙofa fenti ruwan hoda. "To, Gwamna." Ta nuna ƙaton kifin da ya kama a ƙuruciyarsa, wanda aka busar aka kafe a bangon falo, ta ce ita fa ta daɗe tana zargin saye ya yi. Kai, da a da ne, da sai an kira Fasto ya raba. Harlan ya ɗaga kai ya dubi kifin, ya dube ta, ya ce, "To." Ardis ta shiga gareji ta rufe ƙofa ta yi kuka. Tsoro ne ya kama ta, don ta ga mijinta yana nan a gabanta, yana ci yana sha, amma ta rasa shi.

To, mu nan in mutum ya tsufa gwamnati ce ke ɗaukar nauyin lafiyarsa, amma yawancinmu mun miƙa namu ga kamfanin inshora, gwamnati na biyansa yana riƙe mu. Da zaƙin baki suka jawo mu: ga tabarau, ga wankin haƙori, ga katin shiga gidan motsa jiki kyauta. Katin nan Ardis ta daɗe tana yi masa dariya. Ta ce macen da ke share gidanta ba ta bukatar a ba ta kati ta je ta ɗaga ƙarfe. A aljihun tebur ya yi shekaru, tare da tsofaffin batura.

Likitan Harlan ne ya ce a gwada ruwan ɗumi. Gidan motsa jikin da ke garin gaba da mu yana da wurin iyo da ake ɗumama ruwansa, har da wata kujera mai inji da ke sauke marasa ƙafa a ciki. Sharaɗi ɗaya ne, sai wani ya shiga ya riƙe shi. Ardis kuwa, duk tafkunan da suka kewaye garin nan, ruwa bai taɓa wuce mata idon sawu ba. Ta sayi rigar iyo baƙa mai kama da ta zaman makoki, ta ɗora tsohuwar rigar Harlan a kai, ta fito tana harare-harare.

Wa za ta tarar a ruwan? Lorna Pekkala, ƙawarta kuma abokiyar tsamarta tun suna 'yan mata, bazawara, wadda labari ba ya kwana a cikinta. Tana tsakiyar tsofaffin mata suna ɗaga hannu suna saukewa.

"Tabɗi!" in ji Lorna. "Jama'a ku zo ku gani, ashe Ardis na da gwiwoyi!"

"Ke dai ci gaba da iyon kwaɗinki," in ji Ardis, tana saka ƙafa a ruwa kamar mai taka ƙaya.

Aka sauke Harlan. Ruwa ya kai masa ƙirji. Ardis ta rungumi ƙugunsa tana addu'a a zuci, shi kuma ya dafa kafaɗarta da hannunsa mai lafiya. Ƙafafunsa suka laluba suka sami ƙasa. A hankali ya miƙe, ya miƙe, har sai da ta ɗaga kai kafin ta ga fuskarsa. Ta ma manta tsawonsa ya kai haka. Don kada ta yi abin kunya a gaban Lorna, sai ta ce, "Ruwan nan ya yi zafi da yawa. Dafa mutane za su yi."

Harlan ya dubo ta daga sama, ya gyara murya.

"Gwamna, ba haka ba ne. Daidai yake."

Saura kaɗan ta sake shi su nutse tare. Daɗi ya cika ta har wuya, amma abin da ya fito daga bakinta shi ne, "Kai me ka sani game da zafin ruwa? Ko shayi ba ka iya dafawa ba!" Suka yi ta yi har lokacinsu ya ƙare.

Daga nan Talata da Juma'a suka zama ranakun idinta. Duk mako tana tara abin musu kamar yadda wasu ke tara kayan wanki. In ta ji wani abu a rediyo da ta san zai ɓata masa rai, sai ta adana shi. A gida ya ce to, a mota ya ce to, amma da zarar ƙafarsa ta taɓa ƙasan ruwa sai a biya bashin mako guda. Matan can gefe suna motsa jiki, su biyu suna lungunsu suna cacar baki. Lorna ta ce, "Mutane na shiga ruwa su huce, ku kuna shiga ku ɗau zafi." Shekara biyu suka yi a haka.

Sai kaka ta zo, ganye ya fara zuba, wasiƙa ta shigo kusan kowane gida a gundumar. Kamfanin inshora ne ke mana godiya. Wai ya ji daɗin zama da mu ƙwarai, amma daga ƙarshen shekara ya tattara ya bar yankin, kowa ya nemi wani kafin wa'adi ya cika a farkon Disamba. Ka ji fa! Lokacin da suke nemanmu, kalanda suke aiko mana da hoton tsofaffi masu haƙora talatin da biyu suna tuƙa keke suna dariya. Da tsofaffin suka tsufa da gaske, gwiwa ta fara ƙara, zuciya ta fara tsalle, sai aka ce ciniki ba riba. Wanda bai iya latsa waya ba aka ce ya duba intanet. Tsoho Einar na bakin gada, da ba ya ji sosai, ya ɗauka talla ce ya kunna murhu da tasa wasiƙar.

Gari ya kwashe ya nufi laburare, inda wata baiwar Allah da gunduma ta turo take zama tana yi wa mutane bayani ɗaya bayan ɗaya. Ardis ta je da jakarta a hammata, ta zauna a bakin kujera, don ita har yau zama bai karɓe ta ba. Bayanin bai da tsawo. Hanya biyu ta rage. Ta farko, ka riƙe asibitin gari da likitocinka, amma babu katin motsa jiki. Ta biyu, akwai kati, amma likitocinsu suna can birni, tafiyar rabin yini in hanya ta yi kyau, mu kuwa rabin shekara hanyarmu ba ta da kyau. Batun mutum ya biya kuɗin wurin iyon da kansa kuwa, Ardis ta riga ta tambaya. Fanshon kicin da na direba, in an cire magani da gas ɗin ɗumama gida, ba su kai nan ba.

Harlan dai ba shi da zaɓi. Ana auna jininsa a kai a kai, dole ya zauna da asibitin gari. Gaba kura, baya sayaki. Amma Ardis ba a banza ta ciyar da yara ɗari uku da kasafin ɗari biyu ba. Ta tuna dokar gidan motsa jikin: mai kati yana iya shiga da baƙo ɗaya.

"Shi a bar shi da likitansa," in ji ta. "Ni a sa ni a mai katin. Sai in riƙa shiga da shi."

Matar ta duba takardun gabanta. "Misis Solberg, ai na ga ana yi miki allura a ido."

Gaskiya ne. Wani ciwo ke cin tsakiyar ganinta, allurar ce ke tare shi. In an yi mata ba ta iya tuƙi, Lorna ce ke mai da ita gida. A gari wannan ba komai ba ne. A birni kuwa, wa zai kai ta, wa zai zauna da Harlan? Kowa ya san amsar, allura ta ƙare ke nan.

"In kika daina, ba a daɗewa," in ji matar. "Kuma abin da ya tafi ba ya dawowa."

"'Yar nan, idona ne ko naki?"

Matar, wadda ita ma ta ci waken Ardis a zamaninta, ta rufe takardun. Ta ce dai a je a yi tunani, a dawo ranar Litinin a sa hannu. Ardis na juyowa ta ga Lorna a bayan kantar littattafai, ta riƙe wani littafi a juye.

"Lorna, in maganar nan ta fita, ni da ke ne."

"Ni? Me na ji? Bakina alaikum."

Washegari Ardis na coci tana rabon aiki, Lorna ta kai wa Harlan burodi mai kirfa. Ta ce wucewa take yi, ba za ta zauna ba. Sai da ta sha kofi biyu.

Da yamma Ardis ta zuba abinci, ta ce an gama komai, ruwa yana nan, ba abin da zai canza. Harlan ya daɗe yana kallonta. Hannunsa mai lafiya ya kama gefen tebur, ya matse, ya saki.

"To, Gwamna," in ji shi. Can kuma ya ce, "Gobe Juma'a ko?"

Ranar Juma'a shi ya riga ta shiryawa. A bakin ruwa ya ce wa mai kula da injin ya yi sauri, abin da bai taɓa yi ba. Ardis ta zo da batun musunta a shirye, kan ko za a yi sanyi bana kamar bara. Ba ta sami buɗe baki ba. Yana miƙewa ya ce, "Ardis."

Rabon da ya kira ta da sunanta tun ranar da uwarta ta rasu.

"Ba za ki sa hannu ba."

Ta waiga. Lorna na can ta ba su baya, tana ɗaga hannu da himmar da ba a taɓa ganinta da ita ba.

"Munafuka," in ji Ardis. Ta juyo. "Harlan Solberg, ba ruwanka da wannan. Na riga na yanke."

"Kin yanke ba daidai ba. Wa zai tuƙa mu a kan ƙanƙara in kin makance? Ni? Yanzu ma da ido biyu kin kwashe akwatin wasiƙar Nyberg da mota."

"Akwatin ne aka kafa a kan hanya!"

"Shekara arba'in yana wurin."

Ardis ta ce, "Kai ba ka san yadda gidan nan yake ba. In ce fari ka ce to, in ce baƙi ka ce to. Da bango nake aure? Nan ne kaɗai nake samunka. In an rufe mana nan, ina zan same ka?"

"Kina tsammani ba na jin kaina ina cewa to ɗin?"

"To ka yi musun a zaune mana! Ubanka ya mutu, ba zai gani ba."

"Na gwada," in ji shi. "Jiya ma na gwada. Maganar takan zo har wuya. Sai in ɗaga kai in gan ki a sama, ke kin ɗaga ni, ke kin wanke ni, ke kin sa mini safa. Sai ta koma."

Matan can sun daina ko da riyar motsa jiki, sun tsaya cirko-cirko ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunsu.

"Ki saurare ni tun ina tsaye," in ji Harlan. "In kika sa hannu, ba zan ƙara shiga ruwan nan ba. Ki kawo ni, in riƙe ƙofar mota. Hannu ɗaya gare ni amma kin san shi. Sai ki tashi ba ido ba miji. Ni a zaune zan ƙare, na sani. Amma ina so ki riƙa ganina, ko a zaunen ne. Ba don wannan fuskar kika aure ni ba?"

"Don motarka na aure ka."

"Ranar Litinin ki je ki riƙe likitanki."

Ta dube shi. Ta san shi, in ya faɗi magana a tsaye, ko jirgin ƙasa ba ya ture ta. Ta nemi wata dabara a kanta, ta laluba ko'ina, babu. Abin da ta yi ta fafutukar ceto shi ne ya tashi ya kayar da ita. Ta kifa goshinta a ƙirjinsa, rigarsa ta jiƙe dama, ba wanda zai ce ga hawaye ga ruwa.

"To," in ji ta.

Lorna ta fyace hanci da ƙarfi, ta ce maganin da ake zubawa a ruwan nan yana shiga mata ido.

Sun ɗan jima a haka. Sannan Ardis ta ɗago, ta share fuska da bayan hannu, ta gyara riƙon da ta yi wa ƙugunsa.

"'Yan makonni suka rage mana," in ji ta. "In kana da sauran magana, ka faɗe ta yanzu. Kada ka tafi da ita kujera."

Harlan ya yi tunani, kamar mai duba kaya a sito.

"Naman da kike yi ranar Kirsimeti ya cika bushewa."

"Shekara hamsin kana ƙari!"

"Yunwa ce. Kuma a coci kina riga kowa fara waƙa."

"Su ne suke makara."

"Ranar da muka ɓata a hanyar gidan Karin, ke kika ce a yi hagu."

"Ƙarya kake, dama na ce!"

Mai kula da wurin ya matso bakin ruwa yana nuna agogo, lokaci ya yi, wasu na jira. Ardis ta ɗaga masa yatsa ɗaya ba tare da ta dube shi ba. Mutumin ya ja da baya ya tsaya.

Ta ji ƙafar Harlan ta fara rawa a ƙarƙashin ruwa, ya gaji. Ta ƙara matse shi, ta sa kafaɗarta ta tare nauyinsa, ta ɗaga kai tana kallonsa.

"Ina jinka," in ji ta. "Sai me kuma?"